Yadda za a gane abin da yaro ya gada da abin da reno zai iya sauyawa

Duk wanda ya reni 'ya'ya fiye da ɗaya ya san cewa ba sa zuwa da hali iri ɗaya, ko da kuwa uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma a ɗaki ɗaya suka tashi. Wani tun yana jariri barcinsa da cinsa a tsare suke, wani kuwa ƙarar rufe ƙofa kaɗai ta isa ta sa shi kukan da za a daɗe ana lallashi. Idan suka girma bambancin ya ƙara fitowa fili, sai ra'ayin manya ya rabu gida biyu: masu cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, da masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masana ma sun daɗe a kan wannan muhawara, tun daga 1875 lokacin da Francis Galton na Ingila ya fara kwatanta tagwaye domin ya auna ƙarfin gado. Abin da bincikensu ya tara yana da amfani ƙwarai ga iyaye da malamai, amma sai an san yadda ake aiki da shi, domin wanda ya fahimce shi rabi da rabi yakan cutar da yaron da yake son taimaka wa.

A fara da sanin abin da ake gada

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai kuromosom 46, rabi daga uwa, rabi daga uba, kuma su ne suke ɗauke da ƙwayoyin gado kimanin 20,000. A kowane ciki ana sake cakuɗa abin da uwa da uba za su bayar, shi ya sa 'yan'uwan da suke ciki ɗaya suke tarayya a kusan rabin ƙwayoyin gadon da suke bambanta tsakanin mutane, sauran rabin kuwa kowa da nasa. Saboda haka bambancin hali tsakanin wa da ƙane abu ne da gadon kansa yake haifarwa, ba lallai sai an yi kuskure a reno ba.

Aikinku na farko shi ne ku rarrabe tsakanin iri biyu na abin da ake gada. Akwai wanda ƙwayar gado ɗaya take hukunta shi, kamar cutar sikila: idan uwa da uba duka suna da rukunin AS, to a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai cutar, kuma wannan lissafi ne da gwajin jini yake tabbatarwa. Akwai kuma wanda dubban ƙwayoyin gado suke haɗuwa a kansa, kowace da ɗan tasirin da bai taka kara ya karya ba. Tsawon jiki yana cikin wannan rukuni, domin wani bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya duba mutane fiye da miliyan 5, ya gano wurare sama da 12,000 a cikin DNA, wato sinadarin da ƙwayoyin gado suke ƙunshe a cikinsa, da suke da hannu a tsawo. Kaifin basira da kunya da saurin fushi da juriya duk a nan suke. Babu wata ƙwayar gado guda ta taurin kai ko ta ƙwazo wadda yaro zai ɗauko sukutum daga kakansa.

Daga nan sai ku rubuta tarihin lafiyar dangi, daga kakanni zuwa 'ya'ya, ta ɓangaren uwa da na uba. A rubuta wanda ya yi ciwon suga ko hawan jini, wanda ya yi fama da matsananciyar damuwa ko taɓin hankali, wanda ya yi in'ina ko ya sha wahalar koyon karatu duk da cewa yana da basira, tare da shekarun da abin ya fara bayyana. Wannan takarda tana nuna inda ya kamata a sa ido da wuri. Ba ta yanke hukunci a kan kowa. Cutar taɓin hankali da ake kira sikizofiriniya tana cikin waɗanda gado yake da ƙarfi a kansu, amma ko a tsakanin tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, waɗanda ƙwayoyin gadonsu kusan ɗaya ne, idan ɗaya ya kamu, yiwuwar ɗayan ya kamu ba ta wuce kusan rabi ba.

A koyi karanta alƙaluman masana

Hanyar da aka fi bi wajen auna ƙarfin gado ita ce kwatanta tagwayen ƙwai ɗaya da tagwayen ƙwai biyu, waɗanda kamanninsu na gado bai wuce na sauran 'yan'uwa ba. Idan na farkon sun fi kama da juna a wani hali, to gado yana da hannu a cikinsa. A 1979 Thomas Bouchard na Jami'ar Minnesota a Amurka ya fara bin diddigin tagwayen da aka raba tun suna ƙanana aka rene su a gidaje daban-daban, ya kuma tarar da kamanni mai ban mamaki a basirarsu da ɗabi'unsu. A 2015 wasu masana suka tattara sakamakon binciken tagwaye na shekara 50, wanda ya ƙunshi tagwaye fiye da miliyan 14, suka samu cewa idan aka haɗa dukkan siffofin da aka auna, gado yana bayyana kimanin kashi 49 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane.

A nan ne mutane da yawa suke zamewa, don haka ya kamata a tsaya a kai. Wannan adadi yana magana ne a kan bambancin da ke tsakanin jama'a masu yawa a wani wuri da wani zamani. Ba ya nufin rabin halin ɗanku daga jini ne, rabi daga reno. Ba a iya tsaga yaro ɗaya gida biyu haka, kamar yadda ba a iya duban tsiro ɗaya a ce wannan ganye na iri ne, wancan na ruwan sama ne.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi kowane muhimmanci ga mai reno, shi ne cewa ƙarfin gado a kan wata siffa ba ya nufin siffar ba ta sauyuwa. Gado yana bayyana kusan kashi 80 cikin 100 na bambancin tsawo tsakanin mutane, amma duk da haka matan Koriya ta Kudu da aka haifa a 1996 sun fi waɗanda aka haifa a 1896 tsawo da kimanin santimita 20. Ƙwayoyin gadon al'umma ba sa sauyawa haka a cikin ƙarni ɗaya. Abinci da tsafta da kiwon lafiya ne suka sauya. Akwai kuma cutar PKU, wadda likita Asbjørn Følling na Nowe ya gano a 1934. Gado ce tsantsa: jikin jaririn ba ya iya sarrafa wani sinadari mai suna fenilalanin da ke cikin abinci mai gina jiki, sai ya taru ya lalata ƙwaƙwalwa. Tun daga shekarun 1960 ake gano ta da ɗigon jinin da ake ɗauka a dugadugan jariri, kuma idan aka tsara masa abinci na musamman tun makonnin farko, yakan tashi da hankalinsa lafiya. Haka ma matsalar ido ta kasa ganin abin da ke nesa: tana bin dangi, amma da Taiwan ta ƙarfafa wa makarantu gwiwa daga 2010 su riƙa fitar da yara waje na minti 120 a kullum, sai adadin ɗaliban firamare masu raunin gani, wanda ya daɗe yana hauhawa, ya fara sauka.

Saboda haka duk lokacin da aka ce muku wani hali na gado ne, tambayar da za ku biyo da ita ita ce: a wane yanayi yake tsananta, a wane yanayi yake sauƙi, kuma wane ɓangare na wannan yanayi yake hannunmu?

A lura da yaron kafin a yi masa hukunci

Ku samu ƙaramin littafi ku riƙa rubuta abin da kuka gani na tsawon mako biyu ko uku, ba tare da ƙoƙarin gyara komai ba tukuna. A rubuta lokacin barcinsa da tashinsa, yadda yake yi idan ya ga baƙo ko sabon wuri, tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya huce idan ya fusata, da irin abin da yake riƙe hankalinsa har ya manta da kowa. Idan akwai halin da yake damun ku, a rubuta abin da ya faru dab da shi da abin da manya suka yi bayansa. Ƙwaƙwalwar iyaye tana riƙe ranakun da suka fi zafi ta watsar da sauran, rubutu kuwa ba ya yin haka.

Bayan makonnin sai ku duba littafin da wasu tambayoyi. Shin halin yana nan tun yana jariri, ko kwanan nan ya ɓullo? Yana bayyana a gida da makaranta da wajen wasa, ko a wuri ɗaya kawai, ko a gaban mutum ɗaya? Halin da ya fara da wuri, yake kuma bin yaro duk inda ya je, ya fi kusa da ɗabi'ar da ya zo da ita. Wanda ya zo kwatsam, ko ya tsaya a wuri ɗaya, yana nuni zuwa ga wani abu a muhallinsa: rashin lafiya, ko ƙarancin barci, ko tsangwama daga wasu yara, ko rikicin manya a gida, ko wani abin da ya fi haka muni wanda yaron ya kasa faɗa. Yaron da a da yake da fara'a, sai ya koma shiru a cikin wata guda, bai kamata a ce ya gado shirun wani ba. A bincika.

Likitoci biyu, Alexander Thomas da Stella Chess, sun fara bin yara 133 a birnin New York daga 1956, suka ga kimanin kashi 40 cikin 100 masu sauƙin reno ne, kashi 10 masu wahala, kashi 15 kuma masu jinkirin sakin jiki, sauran kuwa ba su faɗa rukuni ɗaya ba. Babban abin da suka gano shi ne cewa makomar yaro ta dogara sosai a kan dacewar ɗabi'arsa da irin renon da ya samu. Yaro mai wahala a hannun masu haƙuri da tsari yakan daidaita, mai sauƙi kuwa yana iya lalacewa a inda ake neman abin da ya fi ƙarfinsa.

A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara uku da aka shiga da ita ɗaki cike da baƙi. Yayanta ya riga ya saki hannu ya shige cikin yara, ita kuwa ta maƙale a bayan mahaifiyarta, ta damƙe gefen tufarta, tana leƙe da ido ɗaya. Idan aka fizge ta aka tura ta tsakiya ana cewa ta daina wauta, jikinta zai koyi cewa taro wurin firgici ne. Idan kuma aka ɗauke ta aka fita da ita duk lokacin da ta noƙe, ba za ta taɓa gano cewa tsoron yana wucewa ba. Abin da ya dace shi ne mahaifiyar ta zauna kusa da ƙofa da ita a jikinta, ta bar ta ta ƙare wa ɗakin kallo, ta gaya mata sunan yaro ɗaya da abin da yake wasa da shi, bayan wani lokaci ta raka ta taku kaɗan, sannan ta koma inda yarinyar za ta iya hango ta. Gobe a ƙara taku. Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya samu cewa kusan ɗaya cikin biyar na jarirai 'yan wata huɗu suna firgita sosai da sabon abu. Kaɗan ne daga cikinsu suka girma suka zama masu kutsawa cikin jama'a, amma da yawa sun rabu da tsananin tsoron. Wannan yarinya mai yiwuwa ba za ta zama kamar yayanta ba, kuma ba a buƙatar ta zama. Ana buƙatar ta iya shiga aji, ta yi tambaya, ta yi ƙawa.

Ku kuma sa ido a kan yadda yaro yake jawo wa kansa irin muhallin da zai zauna a ciki. Jariri mai yawan murmushi ana yawan ɗaukarsa ana yi masa magana. Mai yawan kuka yana gajiyar da masu renonsa, su riƙa yi masa tsawa, tsawar ta ƙara masa kuka, har a kai ga ba a san wanda ya fara ba. Idan ya girma kuma shi da kansa zai zaɓi abokai da wuraren da suka dace da halinsa, wanda yana cikin dalilan da suka sa tasirin gado a kan basira yake ƙaruwa da shekaru. A irin wannan zagaye, babba ne yake da ikon tsinke zaren, domin shi ne yake iya lura da abin da ke faruwa ya sauya martaninsa.

A gyara muhalli daga inda ya fi tasiri

Muhallin yaro yana farawa tun yana ciki. A lokacin sanyi na 1944 zuwa 1945, yaƙi ya jefa yammacin Holan cikin yunwa mai tsanani, kuma da aka bi waɗanda suke cikin mahaifa a watannin nan, aka tarar sun fi sauran yawan kamuwa da ƙiba da ciwon suga da ciwon zuciya bayan sun manyanta. A 2008 aka gano cewa shekara 60 bayan yunwar, alamomin sinadarai da suke kunna ƙwayar gado ko su rage aikinta sun bambanta a jikinsu da na 'yan'uwansu da ba su fuskanci yunwar a ciki ba. Ƙwayar gadon ba ta sauya ba, yadda jiki yake karanta ta ne ya sauya. Don haka kula da abincin mai ciki, da zuwa awon ciki, da nisantar giya da taba da shan magani ba bisa umarnin likita ba, su ne renon farko. Ƙarancin sinadarin aidin, wanda ake sa wa gishirin abinci, yana cikin manyan dalilan raunin ƙwaƙwalwa da ake iya kauce wa a duniya, gubar dalma kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata a jini da aka san ba ya cutarwa. Kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu, su ne lokacin da waɗannan abubuwa suka fi barin tabo.

Bayan lafiyar jiki sai kulawar mutum. Da gwamnatin Ceaușescu ta faɗi a Romaniya a ƙarshen 1989, duniya ta ga gidajen marayu inda jarirai suke kwance ba mai ɗaukarsu, ba mai yi musu magana. Michael Rutter, likitan ƙwaƙwalwar yara na Birtaniya, ya bi waɗanda iyalai a ƙasar suka karɓa, ya ga waɗanda aka fitar kafin su cika wata shida sun tashi kusan daidai da sauran yara, yayin da da yawa cikin waɗanda suka daɗe suka ci gaba da fama da matsalar natsuwa da ta mu'amala har girmansu. Darasin bai tsaya a gidan marayu ba. A birnin Kingston na Jamaika, a 1986 da 1987, aka fara wani gwaji da yara masu tsumburewa 'yan wata 9 zuwa 24: ma'aikatan lafiya suna ziyartar wasu daga cikin gidajen sau ɗaya a mako na tsawon shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, yaran da aka ziyarta suna samun kuɗin shiga da ya fi na waɗanda ba a ziyarta ba da kimanin kashi 25 cikin 100.

Abin da aka koya wa iyayen nan ba ya buƙatar dukiya. Jariri ya nuna tsuntsu da yatsa ya yi wani sauti, sai uwar ta dubi inda ya nuna, ta ce tsuntsu ne, ga shi ya tashi, sannan ta yi shiru ta jira ya mayar mata da nasa sautin. Wannan karɓa da mayarwa, sau da yawa a yini, ita ce take gina harshe da natsuwa. A haɗa ta da lokacin barci tsayayye, da dokoki kaɗan waɗanda ba sa sauyawa da yanayin ran babba, da makaranta ba tare da yankewa ba, domin wani nazari na 2018 da ya ƙunshi mutane fiye da 600,000 ya nuna kowace ƙarin shekara ta karatu tana ɗaga makin gwajin basira da maki 1 zuwa 5.

A kiyaye harshe a gaban yaro

Maganar da ake yi a kan gado ita ma muhalli ce. Yaron da kullum yake jin ana cewa ya ɗauko zuciyar wane, ko danginsu ba sa gane lissafi, zai ɗauki maganar a matsayin labarin kansa, ya daina ƙoƙarin da zai ƙaryata ta. Ku bayyana abin da ya aikata da abin da ake so ya yi a maimakonsa, ku bar kakanni su huta. Kada a auna shi da ɗan'uwansa, a auna shi da inda yake watanni shida da suka wuce. Tarihi ya nuna inda wuce gona da iri a kan gado yake kaiwa, domin a ƙarni na 20 an yi wa mutane fiye da 60,000 aikin hana haihuwa da ƙarfin doka a Amurka bisa zargin cewa jininsu ba shi da kyau.

Wuce gona da iri a kan reno shi ma ya yi ɓarna. A shekarun 1950 da 1960 an riƙa ɗora wa iyaye mata laifin lalurar otizim, wadda take shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, ana cewa rashin nuna ƙaunarsu ne ya jawo ta, har sai da binciken tagwaye na 1977 da waɗanda suka biyo bayansa suka nuna gado yana da babban hannu a cikinta. Uwar da ta yi iya ƙoƙarinta, ɗanta ya zo da wata lalura, taimako take buƙata.

Idan jariri ya cika wata 12 ba ya gwalan-gwalan kuma ba ya nuni da yatsa, ko ya kai wata 16 ba kalma ko ɗaya, ko ya cika shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko kuma a kowane lokaci ya rasa wata ƙwarewa da ya riga ya samu, a kai shi wurin likitan yara, ko da an ce mahaifinsa ma bai yi magana da wuri ba. A nemi a gwada jinsa da ganinsa, domin yaro da yawa da ake yi wa kallon mai taurin kai ko mai nauyin fahimta ba ya ji ne sosai, ko ba ya ganin allo. Ku tafi da littafin lurar da kuka cika da takardar tarihin dangi, ku nuna wa likitan su tun a zaman farko.